Tambayoyinku: Wa Ke da Ikon Zaɓar Manhajar da Za Ta Shiga Wayarka?

Yawancin wasiƙun da suka iso wannan fili a 'yan makonnin nan sun karkata ne ga batu guda, wato ɗora manhaja a wayar hannu ba tare da an bi ta Play Store na Google ko App Store na Apple ba. Mun zaɓi biyar daga cikinsu, mun taƙaita su saboda ƙarancin wuri, kuma mun sakaya sunayen masu su kamar yadda muka saba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Wani abokina ya turo mini fayil da sunansa ya ƙare da APK, ya ce manhaja ce da babu ita a Play Store. Da na taɓa shi sai wayata ta ce ba a ba ta izinin ɗora manhaja daga wannan wuri ba. Shin laifi ne in ba da izinin, ko kuwa tsoratar da ni kawai ake yi?

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ba da wannan izini ba karya wata ƙa'ida ba ne, domin kamfanin Google da kansa ne ya bar wannan ƙofa a tsarin Android, kuma tana cikin manyan abubuwan da suka bambanta shi da iPhone tun fitowarsa a shekarar 2008. Fayil ɗin APK ba wani abu ba ne illa ƙunshin da ake naɗe manhajar Android a ciki, kuma ko manhajojin da kake saukewa daga Play Store a cikin irin wannan ƙunshi suke isowa wayarka, sai dai a can ba a nuna maka shi. Abin da zai iya zama laifi shi ne abin da ke cikin ƙunshin, misali manhajar sayarwa da aka fasa aka cire mata makulli domin a yi amfani da ita kyauta, wanda cin haƙƙin mai ita ne ko ta wace hanya ta zo.

Gargaɗin kuwa yana da dalili. A da maɓalli ɗaya ne tak a cikin saitin waya, idan ka kunna shi ka buɗe ƙofa ga kowa da kowa. Daga Android 8, wanda ya fito a 2017, aka mayar da izinin ɗaya bayan ɗaya, ta yadda za ka iya amince wa manhajar da kake shiga intanet da ita ta ɗora maka wani abu, ba tare da ka amince wa manhajar hira ba. A shekarar 2017 ɗin ne kuma Google ya fito da Play Protect, wanda yake duba manhajojin da ke cikin waya, har da waɗanda suka shigo daga waje, ya yi gargaɗi idan ya ga alamar ɓarna.

Damuwata game da fayil ɗinka ita ce hanyar da ya biyo. Abokinka ba shi ya rubuta manhajar ba, shi ma wani ne ya turo masa, kuma babu wanda zai iya gaya maka hannaye nawa ta ratsa kafin ta iso gare ka. Kowace manhajar Android tana ɗauke da hatimin wanda ya haɗa ta, amma ɗan damfara yana iya warware ta, ya cusa abin da yake so, ya sake naɗe ta da nasa hatimin, kuma ido ba zai gane bambanci ba domin suna da tambari duk suna nan. Ta irin wannan hanya ce muguwar manhajar nan FluBot ta yaɗu a ƙasashen Turai, inda ake aika wa mutum saƙon tes cewa yana da kaya a hanya, a nemi ya sauke wata manhaja domin bin sawunsu, ita kuwa ta sace bayanan bankinsa sannan ta aika kanta ga dukan lambobin da ke wayarsa, har sai da 'yan sandan ƙasashe da dama suka haɗa kai suka rushe ta a 2022. Shawarata ita ce ka goge fayil ɗin, ka nemi shafin intanet na ainihin masu manhajar ka sauke ta daga can, sannan idan ta nemi izinin karanta saƙonninka na tes ko na sarrafa fuskar wayarka alhali aikinta bai shafi hakan ba, ka cire ta nan take.

TAMBAYA: Malam, ni iPhone nake amfani da ita, kuma na lura babu yadda zan yi in ɗora manhajar da ba ta cikin App Store. Kuɗina na sa na sayi wayar. Me ya sa Apple zai hana ni, kuma gaskiya ne an ce a Turai an tilasta masa ya bari?

AMSA: Malama, tambayarki ita ce cibiyar wannan muhawara gaba ɗaya. Lokacin da iPhone ta fito a 2007 babu ma rumbun manhajoji a cikinta, sai a watan Yulin 2008 aka buɗe App Store, kuma tun daga ranar Apple ya tsaya a kan cewa ita kaɗai ce ƙofa. Hujjarsa ita ce tsaro: ma'aikatansa suna duba kowace manhaja kafin a sake ta, kuma idan aka buɗe wata ƙofa ta biyu, 'yan damfara za su riƙa jan mutane zuwa can. Tim Cook, shugaban kamfanin a lokacin, ya taɓa faɗa a 2021 cewa wanda yake son ɗora manhaja daga waje yana iya sayen wayar Android. Hujjar ba ta banza ba ce, kuma zan dawo kanta a amsa ta huɗu.

Sai dai akwai abubuwa biyu da suke rage mata ƙarfi. Na farko, kwamfutar Mac ta kamfanin ɗaya ce, amma a cikinta kowa yana iya sauke manhaja daga shafin mai ita, Apple ya tsaya ga binciken ɓarna da buga hatimi da kuma gargaɗi, kuma ba a ce Mac ta zama kufai ba saboda haka. Na biyu shi ne kuɗi. Apple yana karɓar kamasho har kashi 30 cikin 100 a kan manhajar da aka saya da kuma abin da aka saya a cikinta na dijital, ko da yake daga 2021 ya rage zuwa kashi 15 ga ƙananan masu ƙirƙira da cinikinsu bai wuce dala miliyan 1 a shekara ba. Duk wanda yake tsaron ƙofa kuma yake karɓar kuɗin shiga, dole ne a yi masa tambaya idan ya ce bai kamata a sami wata ƙofa ba, domin ba ya rasa masu zarginsa da fakewa da guzuma domin harbin karsana.

Kamfanin Epic Games, mai wasan Fortnite, shi ne ya fito fili ya ja daga. A watan Agustan 2020 ya saka tasa hanyar biyan kuɗi a cikin wasan da gangan, Apple da Google suka cire wasan daga rumbunansu a rana guda, shi kuma ya maka su a kotu a Amurka. Abin mamaki, sakamakon shari'o'in biyu ya sha bamban. A shari'ar Apple, mai shari'a Yvonne Gonzalez Rogers ta yanke hukunci a watan Satumban 2021 cewa ba a tabbatar Apple ya yi babakere ba a ƙarƙashin dokar tarayya, don haka ba ta tilasta masa buɗe iPhone ba, amma ta umarce shi ya bar masu manhaja su nuna wa jama'a wasu hanyoyin biyan kuɗi a waje. A watan Afrilun 2025 ta sami Apple da saɓa wa wannan umarni da gangan, kuma a watan Mayu Fortnite ya koma App Store na Amurka. Google kuwa, wanda tsarinsa ya fi buɗewa, shi ne masu taya alƙali yanke hukunci suka samu da laifin babakere a watan Disambar 2023, saboda yarjejeniyoyin da ya ƙulla da masu ƙera waya da manyan masu manhaja domin kada wani rumbu ya yi gogayya da nasa.

Batun Turai gaskiya ne. Tarayyar Turai ta kafa dokar kasuwannin dijital da ta fara ɗaure manyan kamfanoni a watan Maris na 2024, kuma a cikin watan ne Apple ya fitar da iOS 17.4, wani sabon zubi na tsarin iPhone, wanda ya ba da damar buɗe wasu rumbunan manhajoji a iPhone, irin su AltStore PAL da kuma rumbun Epic Games da ya biyo baya a watan Agusta. Amma Apple ya buɗe ƙofar ne yana riƙe da ƙyaure: kowace manhaja sai ta bi ta wani bincikensa kafin ta hau waya, kuma a tsarin farko ya sanya rabin yuro a kan kowace saukewa ta farko a shekara bayan an haye miliyan 1. A watan Afrilun 2025 hukumar Tarayyar ta ci tararsa yuro miliyan 500 saboda hana masu manhaja jagorantar abokan cinikinsu zuwa tayin da ke waje. Japan ma ta zartar da doka makamanciyar wannan a 2024. Abin da ya shafe ki, Malama, shi ne cewa Apple yana buɗe wannan dama ne a inda doka ta tilasta masa kawai, saboda haka wayoyi biyu iri ɗaya suna iya bambanta a 'yanci gwargwadon ƙasar da masu su suke zaune.

TAMBAYA: Malam, ni ɗalibi ne mai koyon rubuta manhaja. Na haɗa wata 'yar ƙaramar manhaja ina so in raba wa abokan karatuna ba tare da na shiga wahalar Play Store ba. Amma na ji an ce Google zai daina barin a ɗora manhajar wanda bai yi rajista da shi ba. Ina gaskiyar lamarin?

AMSA: Ɗan'uwa, Allah ya ƙara basira. Wahalar da ka ambata ba ƙarya ba ce. Rajistar mai ƙirƙira a Play Store dala 25 ce sau ɗaya, ta Apple kuwa dala 99 ce a kowace shekara, kuma tun ƙarshen 2023 Google ya shar'anta wa sababbin asusun ɗaiɗaikun mutane cewa sai an gwada manhajarsu na tsawon kwana 14 a hannun masu gwaji 20, adadin da daga baya aka rage zuwa 12, kafin a sake ta ga jama'a. A ɓangaren iPhone, wanda bai biya kuɗin shekara ba yana iya ɗora abin da ya rubuta a kan wayarsa ta hanyar kwamfuta, amma bayan kwana 7 manhajar za ta daina buɗewa sai ya sabunta ta. Wannan ne ya sa Android ta daɗe tana zama makarantar masu koyo, domin ka rubuta da safe ka miƙa wa abokinka da yamma, babu wanda ka nemi izininsa.

Abin da ka ji kuwa yana da tushe. A watan Agustan 2025 Google ya sanar cewa zai buƙaci duk mai ƙirƙirar manhaja ya tabbatar da ko shi wane ne, ya kuma yi wa manhajarsa rajista, kafin ta iya hawa wayoyin Android masu ɗauke da manhajojin Google, ko da ba ta Play Store za a raba ta ba. Sanarwar ta ce za a fara aiwatarwa a watan Satumban 2026 a Brazil da Indonesiya da Singafo da Thailand, sannan a faɗaɗa zuwa sauran duniya daga 2027. Kamfanin ya ce binciken kansa ya nuna manhajojin ɓarna da ke shigowa daga intanet kai tsaye sun ninka na Play Store fiye da sau 50, kuma ya kwatanta sabon tsarin da duba katin shaida a filin jirgin sama, wato ana son sanin mutum ne, ba binciken kayansa ba.

Masu adawa ba su gamsu ba, kuma na fi ganin nauyin maganar F-Droid, rumbun manhajoji na kyauta da aka kafa a 2010, wanda ba ya karɓar manhaja sai wadda rubutunta yake a buɗe kowa ya duba. Masu tafiyar da shi sukan ɗauki rubutun su haɗa manhajar da kansu, kuma da yawa daga cikin marubutan 'yan sa-kai ne da ba sa son miƙa takardun shaidarsu ga wani kamfani, wasu saboda ra'ayi, wasu saboda abin da suke rubutawa, kamar manhajojin kauce wa toshe intanet, zai iya jefa su cikin haɗari a ƙasashensu. F-Droid ya fito ƙarara ya ce tsarin, idan aka aiwatar da shi yadda aka faɗa, zai kawo ƙarshen aikinsa. Bayan suka ta yi yawa, a watan Nuwamban 2025 Google ya ce zai tanadi wani asusu mai sauƙi ga ɗalibai da masu yi don sha'awa, wanda zai ba su damar rabawa ga wayoyi ƙalilan, kuma zai buɗe wata hanya da ƙwararren mai waya zai iya bi ya ɗora manhajar da ba a tantance mai ita ba bayan ya karɓi gargaɗi. Irin buƙatarka ta faɗa cikin rukunin farko. Ka adana makullin da kake buga wa manhajarka hatimi da shi a wuri amintacce, domin waya ba ta karɓar sabuntawa sai mai hatimi iri ɗaya da na farko, kuma idan ya ɓata abokanka sai sun cire tsohuwar kafin su ɗora sabuwar.

TAMBAYA: Malam, ina ganin kuna yawan kare wannan 'yanci, alhali mutanen da ake wawashe wa asusun banki yawanci tsofaffi ne da waɗanda ba su san kan waya ba. Me zai hana a rufe ƙofar gaba ɗaya kowa ya huta?

AMSA: Yallaɓai, na gode da wannan gyara, kuma ba zan musa rabin maganarka ba. Ɗan damfara yakan kira mutum a waya, ya ce shi ma'aikacin banki ne ko jami'in hukuma, ya tsaya a kan layi yana gaya masa inda zai danna har ya tsallake kowane gargaɗi, kuma a irin wannan hali rubutun gargaɗi ba ya tsinana komai. Saboda haka ne a watan Fabrairun 2024 Google ya fara wani gwaji a Singafo, inda waya take ƙin ɗora duk manhajar da ta zo daga intanet kai tsaye matuƙar tana neman izinin karanta saƙonnin tes ko sanarwa, ko na sarrafa fuskar waya, waɗanda su ne hanyoyin da ake satar lambar sirrin da banki ke aikowa. Irin wannan mataki ina goyon bayansa, domin ya nufi halin manhajar ne, bai rufe hanya ga kowa ba.

Inda muka rabu shi ne rufewa gaba ɗaya. Da farko, rumbunan kamfanonin ba tsarkakakku ba ne. A 2015 an gano manhajoji masu yawa a App Store da suka kamu da muguwar manhajar XcodeGhost, saboda masu rubuta su sun yi amfani da gurɓataccen kayan aiki ba su sani ba, kuma Google ya sha cire manhajoji masu ɗauke da wata muguwar manhaja mai suna Joker daga Play Store bayan mutane sun riga sun sauke su. Bincike yana rage haɗari sosai, amma ba ya kawar da shi, kuma mutumin da aka koya wa cewa duk abin da ke cikin rumbu lafiyayye ne yakan saki jiki fiye da kima.

Abu na biyu ya fi wannan girma a wurina. Idan ƙofa ɗaya ce, duk gwamnatin da take son hana jama'arta wata manhaja ba ta buƙatar bin mutane gida-gida, wasiƙa ɗaya za ta aika wa mai tsaron ƙofar. A 2017 Apple ya cire manhajojin VPN, wato na kauce wa toshe intanet, daga rumbunsa na ƙasar Sin. A watan Oktoban 2019 ya cire HKmap.live, wadda masu zanga-zanga a Hong Kong suke amfani da ita. A watan Satumban 2021, ranar da aka fara zaɓen majalisar Rasha, Apple da Google duka suka cire manhajar jagorar zaɓe ta magoya bayan ɗan adawa Alexei Navalny bayan matsin lamba daga hukumomi. A watan Afrilun 2024 aka cire WhatsApp da Threads daga App Store na Sin bisa umarnin gwamnati. Ba sai mutum ya yarda da manufar kowace ɗaya daga cikin waɗannan manhajoji ba kafin ya ga darasin: mai wayar Android yana da wata hanya bayan an cire, mai iPhone kuwa ba shi da ita. Ko a Amurka, lokacin da aka cire TikTok daga rumbunan biyu a farkon 2025, kamfanin ya ajiye fayil ɗin APK a shafinsa domin masu Android, abin da bai yiwu ga masu iPhone ba.

Saboda haka ra'ayina shi ne a bar ƙofar a kulle tun daga masana'anta, a sa buɗe ta ya zama da ɗan wuya da jinkiri ta yadda ɗan damfarar da ke kan layi ba zai iya jan tsoho ya buɗe ta cikin minti biyu ba, amma makullin ya kasance a hannun wanda ya sayi wayar. Ga dattijon da kake jin tsoro a kansa kuwa, abin da ya fi amfani shi ne wani daga cikin 'ya'yansa ya duba saitin wayar ya tabbatar babu manhajar da aka ba izinin ɗora wasu, Play Protect kuma yana kunne.

TAMBAYA: Malam, ƙanwata tana amfani da wata WhatsApp da aka yi wa kwaskwarima, mai nuna saƙon da aka goge da ɓoye cewa mutum yana kan layi. Ta ce ai 'yancinta ne. Haka ne?

AMSA: Malama, 'yancin ɗorawa nata ne, amma wannan zaɓi ba mai kyau ba ne, kuma ba shi ne abin da masu fafutukar buɗe waya suke karewa ba. Irin waɗannan kwafe-kwafe, kamar GBWhatsApp, wasu mutane ne da ba a san su ba suka warware manhajar asali suka sauya ta, ba su kuma bayyana rubutun abin da suka ƙara ba, don haka babu mai iya tabbatar mata cewa saƙonninta da hotunanta ba sa ratsawa ta hannun wani. Ba ita kaɗai abin ya shafa ba, domin duk wanda ya rubuta mata saƙo ya shiga ciki ba da saninsa ba. Kamfanin WhatsApp ya bayyana cewa amfani da su saɓa wa sharuɗɗansa ne, kuma yakan dakatar da lambar da ya kama, wani lokaci na ɗan lokaci, wani lokaci dindindin. Idan matsalarta Play Store ce, misali wayarta Huawei ce daga cikin waɗanda suka fito babu manhajojin Google bayan takunkumin da Amurka ta ƙaƙaba wa kamfanin a 2019, to WhatsApp yana ajiye fayil ɗin APK na gaskiya a shafinsa na intanet. Ta fara adana muhimman hotuna da takardun da ke cikin hirarrakinta, domin ba lallai ne tsofaffin saƙonnin su biyo ta ba, sannan ta cire ta kwaskwarimar ta sauke ta asali daga can.